Ta Wace Kafa Kiɗa Zai Fita Daga Kwamfuta, Ta Wace Kuma Zai Shiga?

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata matsala wadda ta kan cinye kuɗin mutane ba su ankara ba, watau zaɓen kafar da sauti zai fita daga kwamfutar tafi-da-gidanka, da kafar da zai shiga cikinta. Mutumin da ke zaune nesa da ƙasar iyayensa, ko a zangon Kumasi ne, ko a Jidda, ko a Landan, sau da yawa wannan 'yar na'ura ita ce garmahonsa, ita ce rediyonsa, a cikinta kuma ya tara waƙoƙin da ya tashi yana ji. Ran da ya buɗe ta domin ya saurari Mamman Shata, sai muryar ta fito siririya, kalangu kuwa kamar ana buga gwangwani. In ya tafi kanti neman magani, sai a baza masa wayoyi da akwatuna iri iri, kowanne da tsadarsa, kowanne kuma an ce shi ne ya fi. Abin da wannan jawabi zai tsaya a kai shi ne, yawancin wannan tsada ba ta ƙara wa mai sauraro kome. Kuɗin da ke hannunsa ya kamata ya fara zuwa wajen lasifika ko abin sawa a kunne. Inda a ke bukatar lura ƙwarai kuwa shi ne wajen shigar da sauti, domin a nan ne kuskure ya kan jawo hasarar da ba ta gyaruwa.

Da fari sai a san abin da sauti ya ke. In makaɗi ya bugi fatar ganga, fatar ta kan girgiza, ta riƙa tura iska gaba da baya, iskar ta zo ta kaɗa dodon kunne. Girgiza mai jinkiri ita ke ba da amo mai kauri, mai sauri kuwa ita ke ba da siririn amo. Kunnen yaro lafiyayye yana ji tun daga girgiza 20 a sakan guda har zuwa 20,000, sa'an nan na saman su riƙa ɓacewa da ƙaruwar shekaru. Kwamfuta kuwa ba ta iya ajiye girgiza, lambobi kaɗai ta sani. Sabo da haka a kan auna ƙarfin girgizar sau dubbai a kowane sakan, a rubuta awon. A faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a 1982, ana yin awon sau 44,100 a sakan, kowane awo kuma yana faɗawa a ɗaya daga cikin matakai 65,536. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Harry Nyquist a 1928, da Claude Shannon a 1949, dukansu masanan ɗakin bincike na Bell a Amurka, sun nuna cewa in yawan awo ya wuce ninki biyu na girgiza mafi sauri da ke cikin sauti, ana iya mayar da sautin yadda ya ke. Ninki biyu na 20,000 kuwa 40,000 ne.

To, lasifika ba ta jin harshen lambobi. Abin da ke motsa ta shi ne lantarki mai hawa da sauka daidai da girgizar sautin. Dole ke nan a sami tafinta tsakanin kwamfuta da lasifika, watau wata 'yar na'ura da masana ke kira DAC, wadda ke juya lambobi su zama lantarkin. Bayan tafinta kuma sai amfilifaya, mai ƙara wa lantarkin ƙarfi har ya iya tura lasifika. Duk hanyar da sauti zai bi, ba makawa sai ya ratsa ta waɗannan biyu. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin, domin bambancin da ke tsakanin kafofin kwamfuta duka ya tattaru a tambaya guda: a ina tafintan ya ke zaune? Ko yana cikin kwamfutar, ko yana cikin wani akwati na dabam, ko kuwa yana can cikin lasifikar kanta.

Hanya ta farko ita ce lasifikar da aka gina cikin kwamfutar. Laifinta ƙanƙanta ne kurum. Amo mai kauri, irin na tambari ko babbar ganga, yana bukatar a tura iska mai yawa, faifan lasifikar da bai fi kwabo faɗi ba kuwa ba shi da wannan iko. Sabo da haka murya ta kan fito sarai, amma gindin kiɗan ya ɓace. Babu wani maɓalli ko manhaja da za ta ba ƙaramin faifai ikon babba. Wannan hanya ta isa a saurari labarai ko karatu. Wanda ya ke son kiɗa sai ya fitar da sautin waje.

Hanya ta biyu ita ce 'yar kafa mai zagaye da ke gefen kwamfuta, mai faɗin milimita 3.5. Tsohuwar dabara ce. Kakarta, mai faɗin rubu'in inci, ita ce ma'aikatan gidan tarho ke sokawa su haɗa masu magana tun ƙarshen ƙarni na 19, ƙaramar kuwa ta bazu cikin duniya bayan Sony ta fitar da Walkman a 1979. A wannan hanya tafinta da amfilifaya duk suna cikin kwamfutar, abin da ke fitowa lantarki ne shiryayye. Ba ta bukatar batir, ba ta jinkiri, ba ta rage kome daga cikin lambobin waƙa. A ra'ayin wannan jawabi, ita ce ya kamata kowa ya fara gwadawa kafin ya kashe ko anini. Ko da ya ke Apple ta cire irin wannan kafa daga wayar iPhone 7 a 2016, har wasu kamfanonin waya suka bi sawu, yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka sun riƙe ta.

Amma fa tana da rauni iri biyu. Na farko, amfilifayar da ke bayanta ƙarama ce. Abin sawa a kunne na yau da kullum, wanda taurinsa ga lantarki ya ke tsakanin ohm 16 da 32, tana ɗaukarsa ba wahala. Manya na ɗakin ɗaukar waƙa kuwa, masu ohm 250 ko 300 ko 600, a kwamfutoci da yawa su kan fito a raunane ko an ƙure ƙarar. Na biyu, tafintan yana zaune cikin gida mai hayaniya, kusa da fanka da batir da ƙwaƙwalwar na'ura, sabo da haka a wasu kwamfutoci masu araha a kan ji shuu ko tsit-tsit a lokacin da waƙa ta yi shiru. Gwajin wannan mai sauƙi ne. A sa abin kunne, a tsayar da waƙa, a saurara. In shiru ne, kafar lafiya ta ke.

Akwai wata cuta kuma da kan bayyana in an haɗa kwamfuta da babbar amfilifaya, kamar a ɗakin taron biki ko suna. Sai a ji wani gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa. Wannan amon wutar gidan ne, wadda ke juyawa sau 50 a sakan a Gana da Kamaru da Cadi da Sudan da Ingila, sau 60 kuwa a Amurka da Saudiyya. Yana shigowa ne in kwamfuta da amfilifaya sun haɗu da ƙasa ta hanyoyi biyu dabam, har wayar sauti ta zama gada tsakaninsu. Yadda a ke gane shi: a zare caja, kwamfutar ta zauna a kan batir. In gurnanin ya ɗauke, an kama ɓarawon. Maganinsa a jona na'urorin biyu a soket guda, ko a sa wata 'yar taransifoma ta raba sauti a tsakiyar wayar, wadda ba ta da tsada. Wasu su kan karya ƙafa ta uku ta filogi domin su huta. Wannan ganganci ne, domin ƙafar nan ita ke kare mutum ran da wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen na'ura.

Hanya ta uku ita ce kafar USB, wadda ta fara fitowa a 1996, sabon samfurinta mai suna USB-C kuma a 2014. A nan kwamfuta ba ta fassara kome, lambobin ta ke aikawa ɗanye zuwa wani akwati na waje wanda ke ɗauke da nasa tafinta da tasa amfilifaya. Akwatin yana iya zama ɗan tsito kamar yatsa, yana iya zama babba da maɓallai. Ita ce maganin raunin nan biyu da aka ambata, domin ta fitar da tafinta daga gidan hayaniya, babban akwati kuma yana da ƙarfin tura manyan abubuwan kunne. Ita ce kuma mafita ga wanda kafar kwamfutarsa ta lalace. Wanda ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan larurori kuwa, da wuya ya ji wani bambanci da zai kai kuɗinsa.

Hanya ta huɗu ita ce Bluetooth, wadda ba ta da waya. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aikinta a 1994, aka raɗa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10 mai suna Harald. A nan tafinta da amfilifaya da batir duk suna cikin lasifikar ko abin kunnen. Sai dai hanyar iskan ƙunci gare ta. Sautin CD yana bukatar ƙwayoyin labari, waɗanda a ke kira bit, kimanin 1,411,000 a sakan. Tsarin matsewa na SBC, wanda kowace na'urar kiɗa ta Bluetooth ta sani, ya kan tsaya a wajen 328,000. Watau sai an zubar da wani abu daga waƙar, ana zaɓen abin da kunne bai cika lura da shi ba. Akwai tsarin LDAC na Sony wanda ya kan kai 990,000, amma sai ɓangarorin biyu sun san shi zai yi aiki, tsarin Windows da na kwamfutocin Apple kuwa ba su zo da shi ba. Mutum yana iya biyan kuɗin wannan suna a jikin kwali, alhali kwamfutarsa da SBC ko AAC ta ke magana.

Duk da haka ba daidai ba ne a raina Bluetooth. Ga mai aiki a ɗaki ko mai girki, lasifika mai kyau ta Bluetooth ta fi mummuna mai waya nesa ba kusa ba. Lahaninta na gaskiya biyu ne. Tana da jinkiri, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, wani lokaci ƙasa wani lokaci sama. Mai sauraro kurum ba zai lura ba, amma mawaƙi ko makaɗin da ke bin kiɗa kai tsaye zai ruɗe. Sa'an nan a yawancin abubuwan kunne, da zarar an buɗe makirufon da ke jikinsu domin kiran waya ko taro, sai na'urar ta sauka zuwa tsarin tarho, sautin ya koma layi guda, ya dushe. Mutane da yawa su kan zaci abinsu ya lalace, alhali wata manhaja ce ta riƙe makirufon. A rufe ta, ko a zaɓi makirufon kwamfutar, sai kiɗa ya dawo.

Hanya ta biyar ita ce HDMI, wadda aka tsara a 2002 domin ɗaukar hoto da sauti tare. Tana iya ɗaukar layukan sauti takwas ba tare da an matse su ba, tafintan kuwa yana cikin talabijin ko amfilifayar falo. Wanda ya riga ya mallaki irin waɗannan kaya ya sami hanya mai kyau da waya guda. In dai ƙananan lasifikan talabijin ne za su fitar da sautin, an gudu ne ba a tsira ba. Akwai kuma kafar haske ta TOSLINK, wadda Toshiba ta fitar a 1983. Da ya ke haske ke bi ta cikinta, gurnanin wuta ba ya ratsa ta. Amma ta yi ƙaranci a kwamfutocin tafi-da-gidanka, Apple ma ta cire ta daga MacBook Pro a 2016.

Masu sayar da kaya za su ce akwatinsu yana awo sau 192,000 ko fiye a sakan, ya ninka CD sau huɗu. Wajibi ne a ba wannan magana hakkinta. A 2007 Brad Meyer da David Moran na Boston sun buga sakamakon gwaji 554, inda masu sauraro ba su san wanne a ke kunna musu ba, mai yawan awo ko wanda aka sauko da shi matsayin CD. Sun dace sau 276, watau rabi, daidai da mai canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18, ya iske akwai ɗan bambanci da a ke iya ji, musamman ga waɗanda aka horar, amma jimlar dacewar kaɗan ta ɗara kashi 52 cikin 100. To, bambancin da sai an horar da mutum kafin ya ɗan tsinkaye shi, ba a nan ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya zuba kuɗinsa ba. Bambancin lasifika biyu kuwa ko yaro yana jinsa daga bakin ƙofa. Haka kuma babu tafintan da zai mayar wa waƙa abin da ta rasa tun farko. Wadda aka ɗauka da wayar hannu daga bakin wata lasifika a kasuwa, da hayaniyarta za ta fito ta kowace kafa. Sai an gwada a kan san na ƙwarai, sabo da haka mai saye ya tafi kanti da waƙar da ya sani sarai, ya saurara kafin ya biya.

Kunnen da zai saurara shi ma yana da iyaka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da ma'auni: babba yana iya sauraron ƙara mai desibel 80 har awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, watau 83 awa 20 ne, 86 awa 10. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu kama sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wanda ya sayi akwatin USB mai ƙarfi sai ya tuna ya rage ƙara kafin ya sa abin kunne.

Yanzu sai batun shigar da sauti. Gidaje da yawa suna da jakar kaset, irin wanda Philips ya fitar a 1963. A ciki akwai Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015. Akwai kuma abin da ba a samu a ko'ina: kiɗan bikin gida, da waƙar wani mawaƙin unguwa da bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba, da saƙon murya da iyaye kan aiko wa 'ya'yansu a ƙasar waje. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, rikoda mai lafiya kuma tana ƙara wuyar samu. Mai hankali zai so ya kwashe su cikin kwamfuta, a nan kuwa kuskuren ya ke.

Abin da yawanci a kan yi shi ne a ɗauko waya daga rikoda a soka ta a 'yar kafar nan mai zagaye. A duba kan wayar. Mai zobe biyu baƙi yana da sassa uku: hagu, dama, da na ƙasa. Mai zobe uku yana da sashi na huɗu domin makirufo. Kwamfutocin yanzu galibi kafa guda su ke da ita wadda ta haɗa fita da shiga, sashin shigar kuwa guda ne tak, an yi shi domin makirufon magana. Makirufo yana ba da lantarki kaɗan ainun, 'yan kashi cikin dubu na bolt. Rikoda kuwa tana ba da kusan sulusin bolt, watau wajen ninki ɗari. In aka tura wannan ta ƙofar makirufo, sai kawunan girgizar su yanke, sautin ya tsage, a haka kuma za a rubuta shi cikin lambobi, ba mai iya gyarawa daga baya. Ɗaya daga layukan sautin biyu ma zai ɓace. Har wa yau, kwamfutoci da yawa suna da tsarin rage hayaniya domin masu taro, wanda kan ɗauki kiɗa tamkar hayaniya ya riƙa danne shi. Mutum ya gama aikinsa, ya ga sunayen waƙoƙi a jere, ya jefar da kaset yana zaton ya tsirar da su.

A nan ne akwatin USB ya cancanci kuɗinsa, matuƙar yana da kafar shiga ta layi, watau kafofi biyu, ja da fari, ko manyan kafofi masu maɓallin rage ƙarfi. Kafin a fara, a ɓalle 'yan harsunan roba da ke saman kaset, domin kada a danna maɓallin ɗauka bisa kuskure a shafe shi. A goge kan rikoda da auduga da ɗan sifirit, a gwada ta da kaset marar daraja a ga ko tana cin zare. A kashe tsarin rage hayaniya. Manhajar Audacity, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2000, ta isa aikin. A saita ƙarfin yadda bugun ganga mafi ƙara ba zai taɓa ƙarshen ma'auni ba, a ɗauka a kan awo 44,100 ko fiye, a ajiye a tsarin WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da kome. Kaset na awa guda zai ci kimanin megabait 600 a WAV. Daga wannan uwar kwafi a ke cire MP3 domin aika wa 'yan'uwa, ita kuwa a ajiye ta a wuri biyu, a rubuta sunan mawaƙi da gari da shekara in an sani. Kaset ɗin kansa a mayar da shi jaka, a sa shi inda babu zafi babu laima, domin wata rana ana iya samun rikodar da ta fi ta yau.